Kwadaso: Kafin ka biya kuɗin fuloti, ka tambayi ruwa

Akwai unguwa a nan Kwadaso da ake kira Nsuom. Duk wanda ya ɗan iya Tonanci ya san ma'anar sunan: cikin ruwa. In ka miƙa hanyar Sunyani kaɗan za ka iske Asuoyeboa, kuma "asuo" rafi ke nan. A Ankara, babban birnin ƙasa, da harshenmu ma aka raɗa sunan, Fadama, tsohuwa da sabuwa, ita tsohuwar tana kwance ne a bakin kogin Odaw da tafkin Korle. Mutanen da suka sa waɗannan sunaye ba su yi karatun injiniya ba, amma sun zauna sun ga inda ruwa yake kwana, suka bar mana gargaɗi a cikin suna. Mu kuma muka zo muka karanta sunan a jikin trotro, muka sauka, muka biya kuɗin fuloti.

Ra'ayina a kan wannan magana bai da wani kwana-kwana. Fadama gidan ruwa ce. Rafi yana barinta da rani kamar yadda fatake kan bar gida su tafi fatauci, amma ranar da ya dawo zai shiga ɗakinsa ko da wa ya tarar a ciki. Mafi yawan abin da muke kira ambaliya a Kumasi rafi ne ya dawo gida ya iske mun shimfiɗa tabarma. Kuma abin takaicin, wanda ya tare hanyar ruwan sau da yawa ba shi ne ruwan yake ci ba.

Shekaru kaɗan baya wani ƙanena ya kira ni cikin murna, a watan Janairu, hunturu na busawa. Ya ce, "Yaya, Allah ya yi, na samu fuloti, kuma wallahi rabin kuɗin na kan tudu ne." Na je muka duba. Wuri shimfiɗaɗɗe, ƙasa baƙa ƙirin, ga wata 'yar ƙorama a gefe wadda yaro ɗan shekara bakwai zai tsallake ba tare da ya jiƙa ƙafa ba. Na ce masa, "Malam, ka ga katangar maƙwabcin nan? Wannan layin da ke jikinta daidai ƙugu, wa ya zana shi?" Ya yi dariya, ya ce mai sayarwa ya tabbatar masa tifa goma ta jar ƙasa za ta gama maganar. Aka zuba tifa goma, aka yi gini. Daminar farko lafiya lau. A ta biyu, cikin watan Yuni, ƙarfe biyu na dare, ya fito da 'ya'yansa a kafaɗa, ruwa har ƙirji. Katifu, buhun shinkafa, takardun makarantar yara, keken ɗinkin matarsa, duk suka tafi. Mun gode Allah da ba a rasa rai ba. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Don a fahimci abin da ya same shi, sai a dubi yadda garin nan yake zaune. Kumasi tudu ne da kwari, tudu da kwari. Duk gangaren da ka ji mota tana kuka wajen hawansa, ka tabbata akwai rafi a ƙarƙashinsa, domin rafin ne ya sassaƙa kwarin tun kafin a haifi kakannin kowa. Subin, Aboabo, Sisa, Wiwi da rafin Kwadaso su ne jijiyoyin garin. Galibin ruwansu yana gangarawa kudu zuwa kogin Oda, Oda ya zuba a Offin, Offin ya zuba a Pra, Pra ya shiga teku a Shama. Na arewa maso yammacin gari kuma yana bi ta Owabi kafin ya kai Offin. Ruwan saman da muke samu ya kai kusan milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Wannan ya ninka abin da Maraɗi take samu fiye da sau biyu. Baturen Ingila Thomas Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya ba da labarin garin a kan tudu, fadama ta kusan kewaye shi. Wurin da Kejetia da babbar kasuwa suke a yau kwarin Subin ne aka cike. Saboda haka ruwan nan ya riga mu zama a garin, mu ne baƙi.

Shi ruwa mai gudu aikinsa uku ne, kuma ba ya fashi. Yana yankar ƙasa, yana ɗaukarta, yana sauke ta a wani wuri. Abin da ke raba ayyukan shi ne gudu. A kan gangare, inda yake da ƙarfi, yanka yake yi. Ka shiga kowace tsohuwar unguwa da ba a yi wa kwalta ba, ka dubi gindin gidaje. Za ka ga harsashin gini a waje tsirara, ka ga ƙofar da a da ake shiga da taki ɗaya yanzu an ƙara mata matakala uku. Gidan bai tashi sama ba, ƙasar ce ta tafi, damina bayan damina, kaɗan-kaɗan yadda ba wanda ya lura. Layin da tayar mota ta bari bara ya zama 'yar hanyar ruwa bana, baɗi ya zama rami, bayan shekara biyar pragya ba ta iya shiga layin, mai naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Wannan ita ce zaizayar ƙasa, ba sai an je daji ba.

To ina ƙasar take zuwa? Da ruwan ya iso kwari, gudunsa ya ragu, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sauke kayansa. Tsakuwa ta fara zama, sai yashi, laka ce ta ƙarshe. Jar ƙasar da ta bar gindin gidan mutumin kan tudu ita ce take cika gwata da kwalbati a gangare. Kwalbatin da aka yi don ya ɗauki ruwa mai tsayin mutum, in yashi ya cinye rabinsa, rabin ruwan zai bi ta kan titi ya nemi ƙofar wani. Haka kuma cikin rafin kansa yake cikewa, gindinsa ya ɗago, ruwan da bara ya wuce salin-alin bana ya tumbatsa. A wajen kwana ma haka abin yake: gefen waje, inda ruwa ya fi gudu, yana cin gaɓa, gefen ciki yana tara yashi. Shi ya sa rafi ba ya zama wuri guda, yana matsawa a hankali. Wanda ya dasa katanga a gefen waje na kwana, ya sa hannu a takardar rushewarta tun ran gini.

Fadama kuma daga nan ta samo asali. Duk lokacin da rafi ya cika ya fantsama, yana barin laka a gefe da gefe. Shekara ɗari, shekara dubu, sai wurin ya zama shimfiɗaɗɗe mai baƙar ƙasa, irin wadda gwaza da rake da latas suke so. Wannan shimfiɗar da take burge mai neman fuloti ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi cewa ruwa yana zuwa wurin, domin shi ne ya daidaita shi. Amfanin fadama ga gari kuwa shi ne tana riƙe ruwa kamar soso, ta sake shi a hankali bayan kwana biyu ko uku, maimakon ya taho gaba ɗaya cikin awa guda.

Wani zai ce, ai da ma ana ruwa a Kumasi, me ya sa da ba a wannan ɓarna? Mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 da yamma ɗaya, zai zubar da lita 5,000. Wato galan Kufuor mai lita 25 guda 200, daga rufi ɗaya, cikin awa ɗaya ko biyu. Lokacin da wurin yake gonar koko ko daji, ganye yana tare wani, saiwa tana riƙe ƙasa, mafi yawan ruwan yana nutsewa ya je ya cika rijiyoyi. Yau mun rufa kwano, mun shafe tsakar gida da siminti, mun daɓe har ƙofar gida don kada takalmi ya taɓa laka, mun huda katanga mun saki ruwan a layi. Ka ninka galan 200 sau gidajen da ke tsakanin Sofoline da Tanoso, ka ga abin da muke aika wa mutanen gangare a kowane hadari. A 1960 mutanen Kumasi ba su kai rabin miliyan ba, yau garin da kewayensa ya haura miliyan uku. Rafukan kuwa ba a ƙara musu faɗi ba, ragewa ma aka yi.

Kuma ba wai ba a taɓa yin tunanin abin ba. Tsarin gari na 1945 da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana ya bar kwaruruwan rafuka a matsayin fili mai itatuwa, ba gini, kuma irin wannan tsari ne ya jawo wa Kumasi kirarin birnin lambu na Afirka ta Yamma. A 2011 gwamnati ta fitar da manufar barin tazara a bakin ruwa: mita 10 zuwa 60 a manyan koguna, mita 10 zuwa 20 a ƙananan rafukan da ba sa ƙafewa. Akwai dokar tsara amfani da filaye ta 2016. An kafa hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa da dokar 2022. Har cibiyar binciken ƙasar noma ta CSIR, wadda aikinta ke nan sanin halin ƙasa, a nan Kwadaso take, maƙwabciyarmu ce. Ilimi yana nan, doka tana nan. Ka ɗauki igiyar awo ka bi bakin kowane rafi a garin nan ka nemi mita goman, ka dawo ka gaya mini.

Yanzu ga inda maganar ta taɓa mu kai tsaye. Lokacin da ƙanena ya zuba tifa goma, ruwan da ke kwana a fulotinsa bai ɓace ba, komawa ya yi gidan da ke ƙasa da shi. Da maƙwabcinsa na tsallake ya ga haka, sai ya zuba tifa ashirin, ya ɗaga katanga, ruwan ya dawo wa ƙanena. Haka ake yi a duk fadamar garin nan, kowa yana tura wa na kusa da shi, mai kuɗi ya fi ɗagawa, mai ƙaramin ƙarfi ya zama tafki. A ƙarshe wa yake kwana a tsaye? Ɗan haya mai ɗaki ɗaya, 'yar kayayo, mai gadi, tsohuwar da take sayar da koko da ƙosai. Ka tambayi mutanen Aboabo da ke bakin Pelele, ka tambayi na Sawaba da Sepe, su ba ka labarin daren Yuni. Mu da muke jin wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci kusan kowace Juma'a, ya kamata mu san cewa juya wa mutum ruwa cikin ɗaki cutarwa ce, ko da an yi ta da takardar fuloti a hannu.

Sai maganar bola, wadda ba ma son a taɓo. Kowa ya san abin da ake yi da an ga hadari ya haɗo: a fito da kwandon shara a juye a gwata, ruwa ya tafi da shi. Ina zai kai shi? Ledar piya wata ba ta narkewa. Tana zuwa bakin kwalbati ta farko ta haɗu da 'yan uwanta, da tsumma, da katifar da aka yar, su yi madatsa. Sidi nawa ne kuɗin mai aboboya idan aka gwada da kuɗin sabuwar katifa? Haka kuma aikin gayya da muke yi, mu kwashe yashin gwata mu tara a bakinta, a ɗauki hoto, a watse. Ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Yashin da ba a ɗauke daga wurin ba, ba a kwashe shi ba.

Wanda yake kan tudu kuma kada ya ce ba ruwansa, domin abin yana dawo masa ta famfo. Madatsar Owabi, wadda aka gina tun 1928, rafukan arewa maso yammacin Kumasi ne suke cika ta, kuma duk abin da suka ɗauko a hanya a cikinta suke saukewa. Tafki wuri ne da ruwa yake tsayawa, inda ruwa ya tsaya kuwa nan yake ajiye kayansa. Kowace tifa ta yashi da leda da ta kwanta a gindin Owabi, gurbin ruwan sha ta cinye. Wurin nan tun 1988 yake cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma gine-gine suna ta matsowa dajin da ke kare shi. Barekese da ke kan Offin, wadda take ba garin mafi yawan ruwansa, ita ma noma da gini da saran itace suna cin gefenta. Can ƙasa kuma galamsey ya mayar da Offin da Oda da Pra kamar kunun kanwa, domin aikin da ruwa zai yi a shekara ɗari na tone gaɓa, injin tono yana yin sa a mako guda. Tafkin Bosomtwe ma, wanda dutse daga sama ya haƙa raminsa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa. Duk ƙasar da ta zaizayo daga gonakin gangarensa a ciki take zama har abada.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce, Malam, kai kana magana ne don kana da wurin kwana. Mai gida yana neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, fulotin kan tudu ya fi ƙarfin mai sayar da goro, ina kake so talaka ya sa kansa? Ban musa ba. Ba wanda yake zaɓar kwana da kwaɗi don sha'awa. Kuma mun sha gani, in aka tashi rusau, kiyos ɗin talaka ake fara ɗagawa, gidan mai da katafaren shago da aka dasa a tsakiyar hanyar ruwa suna tsaye ba wanda ya taɓa su. Irin wannan shi yake sa mutane su daina jin maganar hukuma. Amma duk da haka lissafin bai canja ba. Ƙanena ya rage rabin kuɗin fuloti, ya biya ninkinsa a ciko, da gyaran bango, da kayan ɗaki, da maganin zazzaɓin yara, kuma yau ko ya sa gidan a kasuwa ba mai taya shi sai da rani. Talauci dalili ne na a nema wa mutane wurin zama mai kyau. Bai zama hujjar a ci gaba da sayar musu da cikin rafi ba.

Za a kuma ce ƙaddara ce. Ruwan sama na Allah ne, babu ja. Amma tifar jar ƙasa ba daga sama ta faɗo ba, ledar da ta toshe kwalbati ma akwai hannun da ya jefa ta. Wanda ya ɗaure akuyarsa a kan titin jirgin ƙasa ba ya cewa ƙaddara ta ci ta.

Darasin nan an biya shi da tsada a wurare da yawa. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, dole aka tashi aka sake gini a kan tudu, inda birnin yake a yau. A Kano, kududdufan da ke shanye ruwan unguwanni an cike da yawansu an yi gini, ruwan ya koma bin lunguna. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara a gidan mai na Circle a Ankara sun kashe mutum fiye da 150. A 2023 da aka saki ruwan Akosombo, Mepe da garuruwan da ke ƙasa suka nutse. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shafe babban ɓangare na Maiduguri. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

Me ya kamata a yi? Majalisar Kwadaso, wadda ta samu cin gashin kanta a 2018, ƙarama ce, rafukanta ana iya bin su da ƙafa cikin 'yan kwanaki. Ta bi su, ta kafa turaku masu fenti a iyakar da ruwa yake kaiwa, yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gani, kuma daga ranar kada a sake ba da izinin sabon gini a cikin turakun. Gine-ginen da suka riga suka tsaya, a fara da waɗanda suka toshe ruwa ƙiri-ƙiri, a fara kuma da na manya, talakan da za a tasa a nuna masa inda zai koma. Yashe rafuka da kwalbatoci a yi shi a Fabrairu da Maris, ba a fafe gora ranar tafiya. Sarakunan da filaye ke hannunsu su ma akwai magana a kansu. Otumfuo Osei Tutu na biyu ya sha tuɓe sarakuna a kan galamsey da rikicin filaye, to sayar da cikin rafi ma ya cancanci irin wannan horo. Asusun raya zango da aka kafa da dokar 2017, sarakunan zango da limamai da 'yan majalisar unguwa su haɗa baki su ce gwata da kwalbati muke so a gaba. Filin ƙwallo yana da daɗi, amma ba a kwana a cikinsa.

Namu na cikin gida kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Ka bar wani ɓangare na tsakar gidanka ba siminti, ka dasa ko da ayaba ce ko mangwaro. Ka sa indararo ka tara ruwan rufi a tanki, ka rage wa na gangare galan ɗari, kai ma ka huta da sayen ruwan wanki. Layin da ya fara tsagewa a tare shi da duwatsu da ciyawa tun yana ƙarami. A ba mai aboboya haƙƙinsa.

Kai kuma mai shirin sayen fuloti, ko ɗan uwanmu da ke Jamus ko Amurka yana turo kuɗi a saya masa, kada a biya ko sisi a kan abin da aka gani da rani ko a hoton WhatsApp. A je wurin a watan Yuni, washegarin ruwa mai ƙarfi. A dubi launin ƙasa, a duba ko akwai gora da tukurwa da gwaza, a dubi gindin katangun maƙwabta da tsayin dokin ƙofarsu. A leƙa rijiya mafi kusa, in ana ɗiban ruwanta da hannu, an samu amsa. A samu tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin a gaishe ta da kyau, a ce, "Mama, ina ruwa yake kaiwa in ya cika?" Ita ba ta da kamasho a cinikin, gaskiya za ta faɗa. Sannan a tambayi ma'anar sunan unguwar.

Ƙanena yana nan a gidansa har yanzu, don ba shi da wani. Ya ɗora gado a kan bulo huɗu-huɗu, takardun yara suna cikin leda a saman kwaba, kuma daga Mayu zuwa Yuli in hadari ya haɗo da dare ba ya runtsawa. Kwanan baya wani abokinsa ya zo masa da labarin fuloti mai araha a wata gangare, yana neman shawara. Ya ce masa, "Bari sai Yuni, ni zan raka ka, kuma ka zo da takalmin roba."

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin abin da hannayenmu suka gina.